Wanda bai ga sara ba ya zama shaida?

Abban Hanifa: Jama'a, raina a ɓace yake. An sari ɗan yayata a kasuwa a nan Gombe, mutane na kallo. Yau lauyan wanda ya sare shi ya kawo wai ƙwararre, ya ce yana da taɓin hankali, alƙali kuma ya karɓa!

Barista: Allah ya ba shi lafiya, Alhaji. Karɓa daban, gamsuwa daban. Asali kotu ba ta sauraron ra'ayi, sai abin da shaida ya gani ko ya ji. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya ba ƙwararre dama a fannin kimiyya. Zai faɗi karatunsa da yadda ya duba mutumin, lauyan gwamnati ya yi masa tambayoyi, alƙali na iya watsi da maganarsa. A Final Kot (Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa) kuma, sai an nuna hankalin wanda ake tuhuma ya gushe a lokacin sarar, ba yau ba, kuma shi ne zai tabbatar.

Malam Na Bolari: Wa ya naɗa shi ƙwararre? Mu da muka daɗe muna ruƙiya fa?

Maman Iman: Allah gafarta Malam, ruƙiya addu'a ce, likita kuwa karatun ƙwaƙwalwa ya yi.

Ɗan Wunti: A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Daubert na 1993, alƙali kan tambaya: an gwada hanyar da ƙwararren ya bi? Masana sun tantance ta? Sau nawa take kuskure? Malam zai iya amsawa?

Malam Na Bolari: Ka koma can. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mahaukaci har ya warke. Amurka ce ta koya mana?

Ɗan Wunti: To ai ka goyi bayan likitan ke nan.

Sarkin Samari: Ku mutanen Bauchi, tun 1996 muka raba jiha, ku daina zuwa koya mana shari'a.

Ɗan Wunti: Kai yaro, ba da kai nake ba.

Abban Hanifa: Ni fa ɗana yana kwance a asibiti, ba wanda ya tambayi jikinsa sai Barista.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka cimma: Malam ya kawo hujja mafi ƙarfi, ba ƙwararren da ya wuce malamanmu, kuma Ɗan Wunti ya nemi afuwar dattijo kafin Isha'i ko na cire shi.