Tambaya kan sinadarin anilin, ya ake kama shi lafiya?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum yan uwa. Na fara aiki a wani kamfanin rini, akwai durum na anilin da muke ɗiba, mai-mai ne haka yana warin ruɓaɓɓen kifi. Jiya ya ɗiga min a hannu na goge da tsumma kawai, da yamma sai ciwon kai da jiri. Shi ne ko gajiya ce?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumussalam. Malam ka je asibiti yau ɗin nan don Allah, anilin ta fata yake shiga jiki ba sai ka sha ba, yana hana jini ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa leɓe da farce suke yin shuɗi, jinin ma ya koma kalar cakulan, kuma alamun kan iya jinkiri na awanni. Ka faɗa wa likita sunan sinadarin.

Ummu_Khalil:
Gaskiya ne. Maganin da ake badawa methylene blue ne, amma yana da haɗari ga mai ƙarancin G6PD (wani sinadari a jiki da ke kare jajayen ƙwayoyin jini) kuma muna da su da yawa a nan, a gwada ka tukuna.

Injiniya_Sani:
Gaba kuma safar hannu ta robar butyl za ka sa, siririyar nan ta asibiti bata tare shi. Tabarau, wuri mai iska, nesa da wuta da asid. In ya zuba a riga cire ta nan take, ka wanke fatar da ruwa da sabulu aƙalla minti 15.

Abu_Hafsat:
Na gode sosai, yanzu zan fita asibitin in sha Allah.