Kuɗin cizo ya hana mu barci, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka da shawara. A Rigasa muke, gidan haya, kuɗin cizo ya addabe mu tun da muka sayi kujera ta hannu. Mun fesa fiya-fiya, mun shanya katifa a rana, na kwarara tafasasshen ruwa a lungunan gado. Sai ya lafa, bayan sati biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƙananan su fito. In ka ɗaga ɗinkin katifa, ɗigo-ɗigon baƙin kashinsu ne jere. Jikin yara duk ƙuraje, ga uwargida da asma, warin magani na tayar mata.

Me ke kashe ƙwan? Kuma feshin ɗakinmu kaɗai zai yi, ko sai maƙwabta sun yarda an haɗa gidan duka?