Za mu tafi Kano da magenmu a mota, me ya kamata in tanada?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Da yara sun yi hutu a watan Afrilu za mu tashi daga Abuja zuwa Kano, gidan surukata, sati 3 za mu yi. Muna da mage da ta kusa shekara 2 a hannunmu, tun tana 'yar mitsitsiya yara suka tsinto ta a bayan katanga. Maƙwabciyar da nake bar wa ita ta tashi daga unguwar. Babansu ya ce ko a tafi da ita ko a bayar, yara kuma tun da suka ji maganar bayarwa suke kuka. Sau ɗaya ta taɓa shiga mota, ranar da na kai ta allura, har yanzu akwai tabon farcenta a hannuna. Waɗanda suka taɓa irin wannan tafiya ku taimaka mini.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Da kwana 2 ko 3 ne da na ce ki bar ta, a samu yaro amintacce yana leƙo ta safe da yamma, don mage ta fi sabo da gida a kan komai. Amma sati 3 babu mai kula, a'a. Kin san hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Tun da kun ɗauke ta, haƙƙinta yana wuyanku. Ki tafi da abarki. Sai dai ki fara faɗa wa surukarki tukuna, kada ta ga an sauke mata baƙuwa ba sanarwa.

Anti Amarya:
Yaya, abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki sa ta a kwali. Ni na yi, kuma har yau abin yana damuna. Daga Suleja muka taso za mu Zariya, na huhhuda kwalin taliya na sa tawa a ciki, na ɗaure da igiya. Kafin mu yi nisa ta yi fitsari, gindin kwalin ya jiƙe ya yi laushi, ni ban sani ba. Da muka tsaya a Tafa sayen abinci, yaro yana buɗe ƙofa sai gani muka yi ta fice kamar kibiya, ta shige ƙarƙashin wata tirela. Mun fi awa ɗaya muna nema, masu shayi da masu tireda duk sun taya mu, har da leƙa kwata. Ba mu gan ta ba. Haka muka shiga mota, babu mai cewa uffan har Kaduna. Ki sayi kejin roba mai ƙofar ƙarfe da sakata, akwai a shagunan kayan dabbobi nan Abuja. In kuɗin ya yi yawa, kwandon roba mai murfi da ake zuwa cefane da shi ma yana yi, amma ki ɗaure murfin ta kusurwa huɗu.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Sannu Anti, Allah ya sa ta faɗa hannu nagari. Wallahi kwalin nake da niyyar nema.

Dakta:
Sannunku. Ni aikin dabbobi nake yi, bari in ɗora a kan maganar Anti. Sayen kejin rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ta saba da shi. Ki saya tun yanzu, ki ajiye a falo ƙofarsa a buɗe, ki shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, wanda ba a wanke ba, don warin jikinta shi ke kwantar mata da hankali. Ki riƙa ajiye mata abinci a bakin ƙofar, bayan kwana 2 ki tura kwanon ciki. Kada kowa ya tura ta da ƙarfi, ki gargaɗi yaran. In ta fara shiga da kanta, sai ku rufe ku zaga unguwa da ita a mota na minti 10, gobe a ƙara. Magen da ba ta san keji ba sai ranar allura, da ta gan shi ta san babu alheri.

Ranar tafiya a ba ta abinci kaɗan kamar awa 4 kafin tashi, ko ma a tsaya a na dare, saboda amai. Ruwa kam kada a hana ta. A ƙasan kejin ki sa leda, ki ɗora tsohon tawul, ki riƙe wani tawul ɗin na canji.

Ki duba katin allurarta. Ta ciwon haukan kare ana fara ta daga wata 3 da haihuwa, ana sabuntawa duk shekara, kuma mage ma tana kamuwa, ba kare kaɗai ba. Tun da gida mai yara da yawa za ku je, kada a yi sake da wannan. A yi mata da maganin tsutsar ciki mako 2 kafin tafiya, ba ana gobe ba. Katin ya zauna a jakarki.

Auta:
Dakta, ni na ji ana cewa a ɗan ba su maganin mura na yara ko rabin farasitamol su yi barci har a isa. Ba zai fi sauƙi ba?

Dakta:
Don Allah ƙanwata kada ki yi, kada kuma ki faɗa wa wani ya yi. Farasitamol guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Za ki ga fuska ta kumbura, dasashi ya canza launi, numfashi ya gagara. Magungunan mura da yawa kuma akwai shi a ciki. In mage tana firgita fiye da kima, akwai abin da likitan dabbobi zai rubuta bayan ya auna nauyinta, kuma a gwada a gida kafin ranar tafiya. Haka maganin ƙuma na karnuka, wasu suna da sinadarin da ke sa mage jijjiga har ta mutu. Fiya-fiya kuwa ko kusa da shimfiɗarta kada a fesa.

Tsohon Direba:
Hajiya, ni mage ban san kanta ba, amma hanyar nan na sani. Sama da kilomita 400 ce, kuma a Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Ku yi sallar asuba ku kama hanya, kafin rana ta take kun wuce Zariya. In kuka bari sai ƙarfe 10, gosulo a Zuba ko cikin Kaduna kaɗai ya isa ya galabaitar da ita.

But ba wurin mai rai ba ne, ko na minti 5. Na ga kaji sun mutu a but tsakanin Kwanar Dangora da Kura, tafiyar da ba ta kai awa ba. Ku sa kejin a kujerar baya, a zura bel ta hannunsa a ɗaure, saboda birki. Kuma ku lura, arewa kuka nufa, da safe rana ta hannun dama take bugowa, don haka bayan direba ya fi inuwa. In kun tsaya salla ko shan mai, kada a kashe mota a ɗaga gilashi a bar ta ciki. Mutum ɗaya ya zauna da ita a inuwa, a yi karɓa-karɓa.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Baba. Wannan ta ɓangaren rana ko a mafarki ba ta zo mini ba. Esin motarmu yana yi amma ba sosai ba.

Dakta:
To ki daskarar da ruwa a gora 2, ki naɗe da tsumma ki jingina a jikin kejin. Ki yafa mayafi mara nauyi ta sama don kada ta riƙa ganin motoci suna wucewa, amma a bar gefe ɗaya iska na shiga. Kuka na farkon tafiya ba komai ba ne, yawanci suna yin shiru da kansu. Abin tsoro shi ne ki ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, miyau na dalala. Mage ba ta haki haka kawai. In kin ga haka ku nemi inuwa, ki jiƙa tsumma da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, ki shafa mata a tafin ƙafa da ciki da kunnuwa. In ba ta dawo daidai ba ku nemi likita, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kan hanyarku yake. Duk lokacin da za a buɗe kejin, a tabbata ƙofofi da gilasai a rufe suke.

Hajiya Babba:
Kuma a hana yara tsakura mata tsire ko kilishi a hanya. Tausayi ke sa su, amma yaji da albasa da tafarnuwa ba nata ba ne.

Dakta:
Gaskiya ne Hajiya, albasa tana lalata musu jini. Madara ma, da yawansu in sun girma zawo take sa su. Ki tafi da irin abincin da ta saba ci, wanda zai kai ku sati 3, da kwanonta, da robar kashinta. Ki ɗebi ɗan yashin da ta riga ta yi amfani da shi a leda ki zuba kan sabo in kun isa, nan da nan za ta gane wurin.

Baban Tantabara:
Ni tambayata ita ce, gidan da za ku akwai kiwo? Gidajenmu na Kano da wuya a rasa kaji ko tantabaru a tsakar gida. Na taɓa asarar 'yan shila 4 a dare ɗaya saboda magen baƙi, kuma har yau maganar ba ta mutu ba tsakanin matan gidan. Ba laifinta ba ne, halittarta ce. A ware mata ɗaki guda.

Maman 'Yan Biyu:
Akwai kuwa, Hajiya tana da kaji da 'yan tsaki. Na kira ta ɗazu kamar yadda Hajiya Babba ta ce. Ta amince, ta ce ɗakin da za mu sauka yana da raga a taga.

Anti Amarya:
Alhamdulillahi. Ki bar ta a ɗakin aƙalla sati ɗaya kafin ta ga tsakar gida, ko ma har ku dawo. In ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa ranar farko, a ƙyale ta, a ajiye ruwa da abinci kusa. Ki kuma ja kunnen 'yan uwan yaranki, don su ne za su riƙa buɗe ƙofa suna son gani.

Dakta:
Amma in ta kwana 2 ba ta ci komai ba, a kai ta asibiti, kada a ce baƙunta ce.

Maman 'Yan Biyu:
Jama'a na dawo da labari. Mun sayi kejin ranar Asabar. Kwana 2 tana zagaye shi tana sunsuna, ko ƙafa ta ƙi sawa. Jiya da daddare na fito shan ruwa na tarar ta naɗe a ciki kan tsohon zanena tana barci. Yau da la'asar babansu zai zaga da mu unguwa. Dakta, a wannan gwajin ma in yafa mayafin, ko sai ranar tafiya?

Dakta:
Ki yafa tun yau, kuma wanda za ki yi amfani da shi ranar tafiyar.