Na samu gurbin koyon aiki a hasumiyar fitila ta Point Reyes, me zan tarar?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Kalifoniya, an kuma ɗauke ni koyon aikin jami'an gandun daji na bazara ɗaya a Point Reyes, arewa da San Faransisko. Sun ce yawanci a hasumiyar fitilar jiragen ruwa zan tsaya. Hajiyarmu tana jin "gandun daji" ta ce ba da yawunta ba, wai bindiga za a ba ni in shiga jeji. Don Allah wanda ya san aikin ya yi mini bayani, ni ma in samu abin da zan faɗa mata. Ni ce zan riƙa kunna fitilar? Salla kuma fa?

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar wa Hajiya da hankali. Masu bindiga daban suke, horonsu irin na 'yan sanda ne. Naku ɓangaren tarbar baƙi ne da yi musu bayani. Fitila kuwa babu mai kunna ta da hannu tun 1975, lokacin da aka kafa mai aiki da kanta, tsohuwar ta zama kayan tarihi.

Na taɓa aikin sa kai a wajen, abin da zai fi ba ki wuya matakala ne. Hasumiyar ba a ƙolin dutse take ba, an gina ta can ƙasa a 1870 don haskenta ya bi ta ƙarƙashin hazo, sai an sauka matakala 313 kafin a kai gare ta. Saukar ba komai, hawowar ce magana. Za ki ga dattijo ya sauka yana raha, a dawowa ya zauna rabin hanya yana haki, ke ce za ki tsaya kansa har numfashinsa ya daidaita. In iska ta wuce mil 40 a awa ana rufe matakalan, nan ne aikin haƙuri: mutum ya tuƙo mota awa biyu da 'ya'yansa, ki ce masa ba sauka yau. Wani zai fahimta, wani sai ya zazzage miki.

Ki haddace labarin gilashin fitilar, shi ake yawan tambaya. A Faris aka ƙera shi a 1867, fuska 24 gare shi, lokacin da yake aiki yana cika zagaye ɗaya a minti biyu, shi ya sa matuƙa jirgi ke ganin walƙiya duk daƙiƙa biyar. Da wannan suke gane Point Reyes ce, ba wata hasumiyar ba.

Maman Sadik:
'Yar nan, kar kalmar bazara ta ruɗe ki. A watan Yuli hazo ke rufe wurin, ga sanyi mai shiga ƙashi, ki tafi da rigar sanyi mai kauri. Mayafi mai santsi kuma ki bar shi a gida, iska za ta yi gaba da shi. Ki nemi hijabin sawa ta ka. Salla, ki gaya wa shugabanki tun ranar farko, ki haɗa azahar da hutun cin abinci. Waya ba ta cika samun sabis a can ba, ki sanar da Hajiya tun yanzu kar ta kira ta ji shiru.

Ɗan Damagaram:
Ni dai tambayata, bayan koyon suna ɗauka aiki na dindindin?

Baban Ikram:
Malam, na dindindin aikin gwamnatin tarayya ne, galibi sai ɗan ƙasa. Yawancinsu ma da aikin 'yan watanni suke farawa, shekara bayan shekara.

'Yar Fagge:
Na gode Yaya, na gode Mama. Hijabin da za a sa hular nan tasu mai faɗi a kansa, wane launi ya dace da kakin? Toka-toka ce rigar, wandon kore.