Idan yaro ya sa hannu a takardar bashi

A majalisarmu ta Tudun Wada an yi ta ja-in-ja kan yaran da ke karɓar waya bashi a Kasuwar Gumi da ke Kaduna, ko su sa hannu a takardar koyon sana'a a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, ba tare da sanin iyaye ba.

Lauyan cikinmu ya ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma yarjejeniyarsa ba ta ɗaure shi, sai dai a kan larura kamar abinci da sutura. Malam ya ƙara da cewa a Malikiyya ma, cinikin yaro mai wayo yana jiran amincewar waliyyinsa.

'Yan kasuwa suka ce, to kuɗinsu fa? A nan aka fi daɗewa. Aka ce kada ka miƙa kaya sai uba ko yaya ya zo da ƙafarsa, ya sa hannu gaban shaidu, shi ne zai biya. In kana shakkar shekarun, nemi takardar haihuwa. Ni dai na goyi bayan wannan, don na ga ɗan shekara 15 yana kuka kan bashin da bai ma san jimillarsa ba.