Wa Ya Taɓa Samun Lauyan Kyauta? Ku Ba Mu Labari

Ɗan Kasuwa: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya shiga wata na bakwai a gidan gyaran hali, ba a yanke masa hukunci ba. Duk zaman kotu maganar ɗaya ce: ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati kan fayil ɗinsa. An ce akwai lauyan kyauta. Wa ya taɓa gani da idonsa?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya fitar da shi. Ni na gani, lokacin da aka tsare mijina kan rikicin bashi. Wata matashiyar lauya ce, 'yar hidimar ƙasa, ta tsaya mana, ko sisi ba ta karɓa ba. Sai dai ranar da na je wurinta, fayiloli har kan kujerar baƙi, sai da ta kwashe su na samu wurin zama. A Keke Napep ta zo kotu, da rigar lauyoyi a leda. Zama biyu aka ba da beli.

Tsohon Magatakarda: Ɗan Kasuwa, nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a babban birnin jiharku. Tun 1976 aka kafa ta, dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ka tafi da lambar ƙara da sunan kotun. A ganina gyaran daga ofishin 'yan sanda zai fara, don a nan ake rubuta bayanin da ke ɗaure mutum. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa duba wuraren tsare mutane duk wata. Da ana bi, da ba a cika gidajen yari da masu jiran shari'a ba.

Baƙauye: Baba, ku na birni kenan. Mu kuɗin motar zuwa ofishin ma aiki ne. Yayana da Turanci aka rubuta bayaninsa, aka ce ya dangwala, ya dangwala. Sai a kotu ya ji abin da "ya faɗa".

Ɗan Kasuwa: Na gode. Baba, Litinin zan je in sha Allah. Lambar ƙarar a wurin wa zan karɓa?

Tsohon Magatakarda: Wurin magatakardan kotun. Ka je da sassafe kafin alƙali ya zauna.