Daren kiɗan emo a birnin Lids na Ingila: mu biyar da muka je, kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Tun daren Juma'a nake son mu baje maganar nan, don da muka fito kowa da labarinsa, kamar ba ɗaki ɗaya muka shiga ba. Abokin zamana Bature ne, yana kaɗa jitar bas a wata 'yar tawaga, ya fi wata biyu yana min nacin in zo in gan su. Kunya ta hana ni ƙi, sai na ja su Yaya. Wurin wani ƙaramin kulob ne a ƙarƙashin bene, kusa da Hyde Park, unguwar ɗalibai. Ba kulob ɗin Brudenell ba, wanda kowa ya sani a Lids, da yake nan tun 1913. Wannan ko mutum ɗari da hamsin ba zai ci ba. Tawagogi huɗu, duk 'yan gari, tikiti fam takwas. Da yake Nuwamba ce, magariba tun huɗu da 'yan mintuna ta yi, sai da muka yi isha'i a babban masallacin Woodsley Road muka taka a ƙafa.

Tawaga ta farko 'yan mata uku ne, kiɗa a hankali, mutum bai fi ashirin a gabansu ba. Ta abokina ce ta biyu, kuma gaskiya mai gangarsu gaggawa ta yi masa yawa, ya bar sauran a baya. Ta uku ce ta tsaya min a rai. Mawaƙin wani siririn yaro ne mai tabarau, ka gan shi ka ce ko ƙuda ba zai kora ba. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa, yana ba da labarin ranar da ya kasa ɗaga wayar mahaifiyarsa don ba shi da abin faɗa mata, can sai ya ɓarke da ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Ni da na zo kallon abin dariya, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Baƙatsiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai jikinka ya yi sanyi, ni kunnena ya yi zafi. Kun san aikin jinya nake yi, na kasa haƙuri na buɗe manhajar auna ƙara a waya lokacin tawaga ta uku, ta nuna min desibel 103. Ma'aunin waya ba abin dogaro ba ne sosai, amma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada matsakaicin ƙara a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100. Na je wajen mai sayar da lemo na tambaya, ashe akwai soson toshe kunne kyauta a cikin wani kwalba, ba wanda ya gaya mana. Wanda ya kwana kunnensa na tsuwa, to gargaɗi ne.

Sai ƙorafina. Ƙasan wurin danƙo yake, takalmi na maƙalewa. Ana cikin tsalle wani ya kifar min da rabin kofin giya a gefen abaya. Ya ba ni haƙuri ya fi sau huɗu, har ya ciro tishu, amma abaya dai sai da na wanke ta a daren. Abin da ban zata ba shi ne ba wanda ya kalli mayafina sau biyu. Kuma da samari suka fara turereniyar nan tasu a tsakiya, wata yarinya mai koren gashi ta ja ni gefe, ta tsaya tsakanina da su har waƙar ta ƙare. Wanda ya faɗi kuwa, kafin ya kai ƙasa hannu uku sun ɗago shi.

Mai Karatun Tarihi:
Yaya, sannu da wanki. Ni na je ne da ɗan sani, don a sakandare na taɓa haukan tawagar My Chemical Romance, na ɗauka emo shi ne baƙin kwalli da gashi ya rufe ido ɗaya. Abin da muka gani ranar Juma'a ya girmi wannan. Asalinsa birnin Washinton ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wasu 'yan kiɗan punk mai zafi suka gaji da waƙar faɗa, suka koma waƙar abin da ke cin ransu. Tawagar Rites of Spring ake yawan ambata, da faifansu na 1985 a kamfanin Dischord. Shi kuma jitar nan mai sheƙi da tawaga ta uku ke yi, kamar ana zuba tsakuwa a ruwa, salon jihar Ilinoi ne na shekarun 1990. Har na hango mutum biyu da rigar tawagar American Football, masu faifan 1999 da hoton wani gida a garin Urbana na jihar. Kalmar indi kuma, da ake kiran irin waɗannan tawagogi da ita, ba sunan sauti ba ce tun farko, tana nufin waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchesta.

Ra'ayina, tawaga ta huɗu, wadda aka rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ita ce ta fi ƙwarewa kuma ita ce ban tuna komai nata ba. Komai tsaf, ba kuskure, ba gumi.

Ɗan Damagaram:
Ni a gaba na tsaya, daf da mai jitar tawaga ta uku, har ƙafarsa na kusa taka tawa, don dandamalin bai kai tsayin bulo biyu ba. Bayan kowace waƙa sai ya sunkuya ya sake ɗaurin tsirkiya, jama'a na jira shiru, mawaƙin yana ta kame-kamen magana don cike gurbi. Wani lokaci da hannu biyu yake ƙwanƙwasa wuyan jitar maimakon ya kaɗa. Bayan sun sauka na yi masa magana, da na ce daga Nijar nake sai ya dafe kai ya ce ƙasar Mdou Moctar, mai jitar nan na Agadas. Ya san bahago ne, ya san da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ya san kamfanin Matador ne ya fitar da faifansa na 2021. Shekara biyu a Ingila ina fama da masu cewa ai Nijar ce Najeriya, sai a ƙarƙashin bene na samu wanda ya san Agadas.

Kawu na Biradford:
'Ya'yana, tunda kun ƙi faɗin nawa saboda kara, bari in tona kaina. Ni ɗaukarku na zo yi, na iso da wuri, sanyi ya hana ni zama a mota, na biya na shiga. Na tarar da yaron nan mai tabarau yana kuka da gaske a gaban mutane. Na tambayi Ɗan Zazzau wa yake wa waƙa, ya ce ba kowa, laifin kansa yake lissafawa. Wannan ya ɗaure min kai. Mu mun saba mawaƙi ya ɗaga wani, ya jero kakanninsa, mai abin ya taso ya yi liƙi. Ko waƙar baƙin ciki ce, a lulluɓe take zuwa. Shi wannan ba ubangida, ba maroƙi, ya tsaya yana cewa shi matsoraci ne, ya yi ƙarya, ya ci amanar aboki, mutum ɗari suna amsa masa baiti-baiti.

Sai tausayinsa ya kama ni. Na zaro fam biyar, na ratsa, na manna masa a goshi. Kun san tun 2016 takardar ta zama roba, ga gumi, sai ta zame ta faɗi kan igiyoyi. Yaron bai daina waƙa ba, ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙo min da hannu biyu, a zatonsa faɗuwa ta yi daga aljihuna. Na sake ba shi, ya sake dawo min da ita. Wani mai gemu ya raɗa min cewa in taimako nake so in yi, ga tebur can a baya. Na je na tarar da riguna da kaset, kaset fa, irin wanda na baro a Kano. Minti goma sai ga mai kukan nan ya zo ya zauna a bayan teburin, yana neman canji a cikin robar abinci. Na sayi riga fam goma sha biyar, ta yi min kaɗan.

Baƙatsiniya:
Kawu, wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Amma rigar a ba ni, zan yi barci da ita.

Ɗan Zazzau:
Allah ya ƙara girma, Kawu, har yanzu abokina labarinka yake ba mutane. Bayan kun wuce mota na tsaya taya su kwasar kaya. Lasifikar bas ɗin nan ta kai nauyin buhun masara, mu biyu muka hau da ita bene, ga ruwa ana tsugawa. A bakin titi aka raba kuɗin ƙofa. Tawagarsu ta samu fam sittin, su huɗu, cikin nan za a cire kuɗin mai da na ɗakin gwaji. Na ce masa to meye ribar, ya ce shi dai wurin kada ya rufe, don a 2023 kaɗai ƙungiyar Music Venue Trust ta ƙirga ƙananan wurare 125 da suka daina kiɗa a Birtaniya. Washegari ƙarfe shida ya tafi aikinsa na gidan shayi da shaƙaƙƙiyar murya.

Suna da wani wasan kafin hutun Disamba, ya ce zai sa sunayenmu a ƙofa mu shiga kyauta, na ce a'a, za mu biya. Yaya, ki zo mana da soson kunne guda biyar. Ɗan Damagaram, mai jitar nan ya ce in tambaye ka ko kana da waƙoƙin Agadas na biki a wayarka, wai waɗanda ba sa intanet.